Yaƙin Waterloo na kwaikwayo: Yadda ake sauke 'sojoji' 5,000, a ciyar da su, a kuma zaɓi wanda zai mutu

Da yammacin Juma'a, 19 ga Yunin 2015, mutum kusan 60,000 suka taru a gefen wasu gonaki da ke kudu da birnin Brussels na ƙasar Beljiyam suna kallon yaƙi. Igwa na tashi, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki na sukuwa, sojoji masu jajayen kaya da masu shuɗɗa suna zubewa a cikin gona. Bayan kamar awa biyu aka tashi. "Gawarwakin" suka miƙe, suka karkaɗe jikinsu, suka nufi sansani neman abin da za su sa a baki.

Bikin cika shekara 200 ne da Yaƙin Waterloo, wanda aka gwabza ranar Lahadi, 18 ga Yunin 1815, aka kuma kawo ƙarshen mulkin Napoleon Bonaparte na Faransa. Alƙaluman masu shirya bikin sun ce masu kwaikwayo fiye da 5,000 ne suka shiga fili, da dawaki 300 da igwa 100, daga ƙasashe 52. An yi wasan sau biyu: ranar Juma'a aka nuna harin Faransawa, ranar Asabar aka nuna martanin rundunar ƙawance.

Waɗannan mutane ba sojoji ba ne, ba kuma 'yan fim ba ne. A cikinsu akwai malamin makaranta, akwai direba, akwai lauya da ɗan fansho. Sha'awa ce ta kawo su, kuma akasarinsu da kuɗin aljihunsu suka ɗinka kaki, suka sayi bindiga, suka biya kuɗin mota. A Turai da Amurka irin wannan wasa ya daɗe da zama al'adar ƙarshen mako, daga ƙaramin taro na mutum hamsin a filin ƙauye har zuwa irin na Waterloo.

Ɗan kallo awa biyun nan kawai yake gani. Aikin da ke cinye watanni, wani lokaci shekaru, yana bayan fage: ina za a kwantar da mutanen nan, me za su ci, wa zai ba da umarni, wa zai bi, wa kuma zai yarda ya faɗi da wuri. Tambayoyin da suka hana janar-janar na gaske barci a 1815 su ne dai ke hana kwamitin shirye-shirye barci a yau.

Masauki: tanti, karan alkama da itace

A daren da ya gabaci yaƙin na ainihi, ruwa aka kwana ana tafkawa. Napoleon ya kwana a wani gidan gona da ake kira Le Caillou. Abokin gabarsa, Duke na Wellington, ya kwana a wani masauki a cikin ƙauyen Waterloo, wanda yanzu gidan tarihi ne. Sojojinsu kuwa, kusan 72,000 a ɓangaren Faransa da kusan 68,000 a ɓangaren Wellington, mafi yawansu a fili suka kwana cikin taɓo, babu tanti. Da gari ya waye ƙasa ta jiƙe sharkaf, ba a fara faɗa ba sai wajen ƙarfe 11:30 na safe. Masana tarihi da dama na ganin wannan jinkiri ya taimaka wa dakarun daular Jamusawa ta Prussia, ƙarƙashin Blücher mai shekara 72, suka iso fili kafin a gama.

Ba wanda zai gayyaci mutum 5,000 daga ƙasashe 52 ya ce su kwana a caɓi don a yi daidai da tarihi. Shi ya sa sansanin 2015 ya cika da fararen tantuna a jere, abin da kakannin da ake kwaikwayo ba su samu ba a wancan dare. An raba sansanin kamar yadda aka rabu a da: 'yan ƙawance a kusa da gidan gonar Hougoumont, Faransawa a wajen Le Caillou. Aka kuma buɗe wa jama'a su shiga su ga yadda soja ke rayuwa shekara 200 da suka wuce.

Wannan buɗewar ce ke ƙara wa masu shiri aiki. Muddin baƙi na yawo a sansani, doka ita ce kada ido ya ga abin zamani. Waya a ɓoye, gorar roba a ɓoye, kular sanyaya abinci a cusa ta cikin akwatin katako ko a lulluɓe ta da buhu. Mota kan shigo ta sauke kaya a lokacin da aka ƙayyade, sannan a kai ta can nesa, ba za ta dawo ba sai an tashi. Mai tabarau na zamani ma sai ya nemi wanda ya yi kama da na da, ko ya haƙura.

Ba kowa ke iya wannan ba, musamman mai iyali ko mai larura. Don haka manyan taruka kan yi sansani biyu. A Ingila, inda ƙungiyar Sealed Knot ke kwaikwayon yaƙin basasar ƙasar tun kafuwarta a 1968, an saba ware sansanin tarihi da baƙi ke shiga, da kuma wani a gefe wanda suke yi wa laƙabi da sansanin roba, inda ake kafa tantin leda, a ajiye motar kwana, a kunna risho. Tun a takardar rajista ake tambayar kowace ƙungiya inda za ta sauka, mutum nawa ne, tanti nawa, kuma faɗin kowanne nawa ne. Da wannan ake auna fili, a ja layuka, a bar hanyar da motar asibiti da ta kashe gobara za su bi.

Abubuwa uku mai kwaikwayo ke sa ran samu daga mai masauki ba tare da ya roƙa ba: busasshen karan alkama na shimfiɗa, itacen girki, da ruwa. Na huɗu, wanda ba a sa shi a hoton talla amma shi ne ke fara jawo ƙorafi, shi ne banɗaki na tafi-da-gidanka da motar da za ta riƙa kwashe shi. Idan dammunan kara suka ƙare kafin ƙungiyoyin da suka taho daga nesa su iso, an shiga rigima tun kafin a harba bindiga ko ɗaya.

Sai kuma ƙasar kanta. Filin Waterloo yana ƙarƙashin kariyar wata dokar Beljiyam tun 1914, kuma har yau gonaki ne da ake nomawa. Duk wanda zai shigar da dubban ƙafafu da kofatai da tayoyin igwa cikin gonar wani a tsakiyar watan Yuni, dole ya zauna da manomin tukuna. A Amurka lamarin ya fi haka tsauri. Hukumar kula da wuraren tarihi da gandun dajin ƙasar ta daina barin a yi kwaikwayon artabu a filayenta bayan wanda aka yi a Manassas a 1961. Shi ya sa wasan Gettysburg, yaƙi mafi suna a yaƙin basasar Amurka, a gonakin mutane da ke kusa ake yin sa, ba a ainihin filin ba. A 2003, lokacin cika shekara 140, ruwan sama ya jiƙa gonakin har sai da aka ɗage taron daga Yuli zuwa Agusta, bayan mutane sun riga sun ɗauki hutu sun kama ɗakuna.

Tukunya da randa

An san abin da sojan wancan zamani ya kamata ya ci, domin a rubuce yake. Sojan Faransa yana da burodi kimanin giram 750 a yini, da nama kamar giram 250, da ɗan shinkafa ko busasshen wake. Na Birtaniya yana da burodi ko busasshen biskit, da nama kusan rabin kilo, da kason barasa. Wannan a takarda ke nan. A zahiri sau da yawa keken abinci ba ya isowa, sai soja ya faɗa wa kaji da rumbun manomin da ya tarar.

Idan za a bi wancan ma'auni na Faransa a ba mutum 5,000 burodi, ana maganar kilo 3,750 ke nan kowace rana. Babu kicin guda da zai dafa wa irin wannan taro a kan itace, don haka tsarin da aka fi bi shi ne na sojan da: kowace ƙungiya da tukunyarta. Wani taron kan raba ɗanyen kaya, burodi da nama da dankali da albasa, gwargwadon yawan sunayen da aka yi wa rajista. Wani kuma kan ce kowa ya zo da guzurinsa. A kowane hali ƙungiya kan naɗa mutum guda mai kula da ciki, ya karɓi karo-karo, ya yi cefane, ya tsara wanda zai ɗebo ruwa da wanda zai wanke tukunya. A nan ne ake tambayar wanda ba ya cin naman alade, da wanda wani abinci ke tayar masa da ciwo, da mai ciwon suga da ba zai iya jiran a gama fareti ba.

Akwai masu tsananin kishin daidaito da ba sa yarda su ci abin da sojan da bai ci ba. A Amurka irin waɗannan kan yi guzurin biskit ɗin nan mai taurin tsiya da ake yi da fulawa da ruwa, da naman da aka adana da gishiri, da gahawa, su kwana a ƙasa da bargo ɗaya. Suna da sunan raini da suke kiran wanda ya shigo da abin zamani. Marubuci Tony Horwitz ya bi irinsu ya rubuta littafi a kansu a 1998. Sai dai ɗanyen nama a tanti cikin zafin bazara ba ya sanin tarihi, kuma gudawa a sansanin da mutum dubu ke layin banɗaki ba abin wasa ba ce. Masu shiri da suka san aikinsu sun fi son a ɓoye kula a cikin akwati da a kwashi mutane zuwa asibiti.

Ruwa ya fi abinci muhimmanci. Kakin ulu ne mai kauri, ga doguwar hula, ga jaka a baya, ga bindiga mai nauyin kilo huɗu zuwa biyar, kuma da yawa daga cikin masu wasan sun ninka sojojin da suke kwaikwayo a shekaru. Abin da ya fi kai mutane tantin likita a irin waɗannan taruka shi ne zafi da ƙishirwa, ba rauni ba. Don haka a wurare da dama ba a barin mutum ya shiga fili sai an ga gorarsa cike. Doki kuma yakan sha lita 25 zuwa 40 a yini, ya fi haka idan ya yi gudu. Dawaki 300 na nufin tankar ruwa ta kansu, da ciyawa, da likitan dabbobi, da takardun shaidar lafiya ga waɗanda aka tsallako da su iyaka.

Amurkawa sun ɗanɗana girman wannan aiki tun 1913, lokacin da tsofaffin sojoji fiye da 50,000 na ɓangarorin biyu suka koma Gettysburg bikin cika shekara 50. Rundunar sojan ƙasar ce ta kafa musu garin tantuna, da kicin-kicin da asibitoci. Akasarinsu sun haura shekara 70, ga tsananin zafi. Ranar 3 ga Yuli wasu daga cikinsu suka maimaita harin ƙarshe na yaƙin, suka haɗu a bakin katangar dutsen da suka taɓa kashe juna a kanta, suka yi musabaha. Mutum tara ne suka rasu a sansanin a wancan mako.

Wa zai zama Napoleon?

Rabon matsayi ya fi rabon burodi zafi. Kafin bikin 2015 mutum biyu ne suka fi suna wajen fitowa a matsayin Napoleon: Frank Samson, lauya Bafaranshe, da Mark Schneider, Ba'amurke mai aikin kwaikwayon tarihi a Colonial Williamsburg da ke jihar Virginia. Magoya bayan Schneider na cewa ya fi kama da sarkin, ya kuma iya hawan doki. Na Samson na cewa bai dace Ba'amurke ya jagoranci rundunar Faransa a irin wannan rana ba, ga shi kuma ya kashe dukiya wajen ɗinka kaya daidai da na asali. Jaridun duniya suka yi ta yayata takarar. A ƙarshe Samson aka ba. Wellington kuma Alan Larsen ne ya fito a matsayinsa, mutumin da asalinsa ɗan New Zealand ne.

Abin ya wuce wasa, domin har gwamnatoci ya taɓa. Beljiyam ta buga tsabar yuro 2 ta tunawa da yaƙin, Faransa ta ƙi amincewa, aka janye kusan guda 180,000 da aka riga aka buga. Sai Beljiyam ta zagaya ta fitar da tsabar yuro biyu da rabi, wadda ba ta buƙatar yardar kowa tunda a cikin ƙasarta kawai take aiki.

A ƙasa da manyan, matsalar lissafi ce. Kowa na son zama hafsa, kowa na son shiga rundunar da ta yi suna. Ƙungiya mai mutum goma sha biyu kan zo da kyaftin ɗinta da sajanta da mai ganga. Idan aka haɗa irinsu talatin a bataliya guda, dole wasu kyaftin-kyaftin su cire anini su ɗauki bindiga na kwana biyu, kuma ba kowa ke haɗiye wannan cikin sauƙi ba. A Amurka, inda a wasu jihohin masu son fitowa a matsayin sojojin Kudu suka fi yawa, ana roƙon wasu su zo da kaki biyu, su sauya sheƙa idan ɗaya ɓangaren ya yi ƙaranci.

Ga kuma harshe. Bataliyar "Faransa" na iya ƙunsar ɗan Rasha da ɗan Italiya da ɗan Kanada. Abin da ke haɗa su shi ne umarnin fareti, wanda ake bayarwa da Faransanci kamar yadda yake a littafin horon soja na 1791. Shi ya sa safiyar ranar wasa ba hutu ba ce, atisaye ake yi har sai ƙafa ta zo ɗaya.

Batun mata ma ya daɗe ana ja. A tarihi mata na bin runduna a matsayin masu wanki da masu sayar da abinci da abin sha, kuma da yawa a wannan matsayi suke fitowa. Amma wasu bindiga suke so. A 1989 aka hana wata Ba'amurkiya, Lauren Cook Burgess, fitowa a kayan soja a wani taro a filin Antietam saboda mace ce. Ta kai ƙara, ta yi nasara a 1993, daga baya kuma ita da DeAnne Blanton suka wallafa littafi da ya kawo bayanan mata kusan 250 da suka ɓad da kama suka yi yaƙin basasar da gaske. A yau ƙungiyoyi da dama na karɓar mace a sahu, da sharaɗin ta yi shigar da ɗan kallo ba zai gane ba daga nesa.

Wanda zai faɗi

A Waterloo na gaske mutum kusan 50,000 aka kashe ko aka raunata a yini ɗaya. A na kwaikwayo samun gawa wahala yake. Wanda ya yi tafiyar kwana biyu a mota, ya kashe kuɗin da ya tara shekara guda, ba zai so ya kwanta a minti na goma ya ƙare kallo da fuska a ƙasa ba. Sau da yawa 'yan kallo kan ga runduna biyu suna ta ɓarin wuta a kusa da juna ba wanda ya ko yi tangaɗi.

Dabarun da ake bi iri-iri ne. Wani kwamanda kan ce duk wanda bindigarsa ta ƙi tashi ko albarushinsa ya ƙare ya faɗi. Wani taron kan raba 'yan katuna da ke faɗa wa kowa makomarsa. Wani kuma saje ne ke bi ta bayan sahu yana taɓa kafaɗa. Tsofaffin hannu sun san inda ake mutuwa: a inuwa in akwai, nesa da hanyar dawaki, da hula a kan fuska. Gajiya ce ke samar da mafi yawan gawarwaki, shi ya sa suke yawaita a rabin awa na ƙarshe.

Sakamakon dai a rubuce yake tun kafin a fara. Kwamandojin ɓangarorin biyu kan zauna tare su bi taswira: wa zai motsa a wane lokaci, tazarar da za a bari a gaban igwa, inda dawaki za su juya. Faransawa sun san za su sha kashi, kuma sun amince.

Albarushi

Wuri guda ne ba a yin sassauci. Bindigogin irin na harba-ka-ruga ne masu ƙyastu, Brown Bess a hannun 'yan Birtaniya, Charleville a hannun Faransawa, kuma na gaske ne ko da sabon ƙira ne. Albarushi zalla ake ɗurawa, babu harsashi. Amma albarushi kaɗai na iya ƙona fuska ko ya fasa dodon kunne a kusa, kuma duk abin da ya faɗa bakin bindiga, ko tsakuwa ce, ya zama harsashi. Saboda haka ana duba kowace bindiga kafin a shiga fili, ana ɗaga bakinta sama idan an matso kusa, kuma a yawancin tarukan Amurka an hana zaro sandar ƙarfen da ake danna albarushi da ita, don kada wani ya manta da ita a ciki ya harba. A manyan tarukan Turai, inda tsallaka iyaka da abin fashewa ke buƙatar izini, masu shiri ne kan tanadi albarushin, su ajiye shi nesa da wutar girki, su raba shi da awo.

Dokokin nan ba daga sama suka faɗo ba. A Gettysburg a 1998, wajen bikin cika shekara 135, wani Bafaranshe da ya zo wasan ya harba ƙaramar bindiga da ya ara, ashe akwai harsashi a ciki. Ya sami wani matashi ɗan Virginia a wuya. Matashin ya rayu, maganar kuma ta kai kotu.

Ranar Lahadi, 21 ga Yunin 2015, aka rufe sansanonin Waterloo. A irin wannan rana aikin da ya rage na masu shiri ne da 'yan sa-kai: a karɓi ragowar albarushi, a cike ramukan murhu, a kwashe kara da shara, a bi gona a tsince abin da ya faɗi kafin a mayar wa manomi. Frank Samson ya riga ya sanar cewa daga wannan biki ya ajiye hular Napoleon. Ana ci gaba da yin wasan a filin a watan Yuni, da mutane ƙasa da na 2015 nesa ba kusa ba.